Sau Huɗu a Kan Gadar Baskuy

Tampuy, Wagadugu
21 ga Yuli, 2002

Kawu Rasmane,

Ina gaishe ka da kyau. Ya aiki, ya gonar koko, ya ruwa a wajenku? Ka gaida Iya Mamunata da yara. Mu nan lafiya muke, damina ta zauna sosai. Inna ta samu sauƙi. Tun da ɓarin jikinta na hagu ya shanye a watan Maris, sai a wannan watan ta fara riƙe kofi da kanta. Maganarta tana fita, amma sai mutum ya yi haƙuri ya jira ta. Likita ya ce a riƙa kai ta asibiti ana motsa mata hannu da ƙafa, na zaɓi Alhamis tunda ranar ba mu da makaranta.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne an canza mini wurin aiki. Daga watan Oktoba zan koma koyarwa a Dasasgo, aji biyu, yara casa'in da wani abu. Ka san Dasasgo, ka san Tampuy, gabas da yamma ke nan. Kuma ba zan iya yin hutun rana a can kamar sauran malamai ba. Dole in dawo in ba Inna abinci, in gyara ta, in koma kafin ƙarfe uku. Wato sau huɗu a rana zan haye gadar Baskuy.

Kawu, gadar nan ba wadda ka bari ba ce. Tampuy ta cika ta batse, kuma kowa ta wannan maƙogwaro ɗaya yake shiga gari. Manyan motocin hanyar Wahiguya, amalanken itace, matan lambu da kwandunan latas a bayan keke, ga babura kamar an tone gidan tururuwa. Na gwada da kekena ranar Litinin. Awa ɗaya da kwata na yi, na isa kamar an tsamo ni daga rijiya.

Saboda haka babur zan saya. Na ɗauki adashina, yana hannu. Matsalar ita ce duk wanda na tambaya sai ya zama malami. Shugaban makarantarmu ya ce mobilet mai feda, irin wadda ake haɗawa a Bobo, ita ce ta talaka, ko a ƙarƙashin bishiya ta lalace akwai mai gyara. Maƙwabciyarmu Madam Zalisa ta ce mace mai albashi ba ta hawa abin da ake tuƙawa kamar keke kafin ya tashi. Ta san wata matar ma'aikacin kwastan da za ta sayar da nata na Japan, na hannu ne amma wai kamar sabo. Ga kuma babura 'yan China da suka fara cika kasuwa bana, sai ƙyalli, ga araha, ga maɓalli da ake dannawa su tashi. Masu gyara suna cewa amarya ce, ba wanda ya san halinta tukuna.

Kai ka yi shekara ashirin hannunka cikin baƙin mai a garin nan kafin ka tafi. Wanne zan ɗauka? Ka tuna ni ba doguwa ba ce, kuma ranar Alhamis Inna za ta hau bayana.

Ita ce ma ta ce in rubuto maka. Ta ce in gaya maka har yau ba ta manta da abin da hannunka ya yi wa babur ɗin Baba ba.

Zan ba Salfo direba wannan wasiƙa jibi. Ka ce wa kajinka su ci gaba da ƙiba, nisa ne kawai ya cece su daga hannun 'yar ƙanwar... au, 'yar yayar mai gida.

'Yarka,
Sibdu Ilbudo


Kusa da Duekue, Kwaddibuwa
9 ga Agusta, 2002

Sibdu,

Wasiƙarki ta same mu lafiya. Mamunata da yara suna amsawa. Ruwa yana sauka yadda ake so, koko ya yi 'ya'ya, idan Allah ya kai mu Oktoba za mu fara yanka. Na yi murna da sauƙin da Yaya Lizeta ta samu. Allah ya ƙara mata lafiya, ke kuma ya ba ki ladan jinya.

Na ga saƙon da ta sa ki rubuta a ƙarshe. Na karanta shi sau uku. Ki ce mata ni ma ban manta ba, kuma ba sai an tuna mini ba.

Game da babur, ki nemi wani. Ba ni da abin da zan ba ki a wannan magana. Garin cike yake da masu gyara, kowanne ya fi ni.

Allah ya sa ki fara sabon aiki a sa'a.

Kawunki,
Rasmane Bonkungu


Tampuy
28 ga Agusta, 2002

Kawu,

Muna lafiya, da fatan kuna lafiya. Inna ta taka daga ɗaki zuwa gindin mangwaro ranar Lahadi, da sanda, ba wanda ya riƙe ta.

Na karɓi amsarka daga hannun Salfo. Da na ga ƙanƙantar takardar na ɗauka sauran ta faɗi a hanya. Kawu, ka sake duba wasiƙata. Ko dala ban roƙe ka ba. Na gaya maka adashina yana hannu. Shawara na nema, ita kuwa ba a cire ta daga buhun koko. Tun ina shekara goma sha ɗaya Baba ya rasu, kai kuma ka tafi bayan sadakar arba'in. Inna ta yi ta sayar da shinkafa da wake a bakin titi har na zama malama, ba mu taɓa aiko maka da kuka ba. Yau sau ɗaya na ce Kawu duba mini, ka ce in nemi wani.

To, na nema. Ranar Asabar muka je gidan matar nan da Madam Zalisa. Babur ɗin yana da kyau, ba ƙarya, muryarsa kamar ta mage mai barci. Amma da na hau, yatsun ƙafata ne kawai suka taɓa ƙasa. Na buga kik sau huɗu bai tashi ba, mai gadin gidan ya zo ya buga sau ɗaya ya tashi. Madam Zalisa ta ce, "Ƙafarki ce ba ta ci tuwo ba, 'yar malama, babur ba shi da laifi." Da na tambayi takardu, matar ta ce suna ofishin mai gidanta, in fara biya tukuna. Na ce zan yi tunani.

Mobilet kuma na ari ta shugaban makarantarmu na zaga unguwa. Ba nauyi, ina son ta. Sai dai da Madam Zalisa ta hau baya, muka zo ɗan tudun nan na wajen masallaci, sai da na taimaka mata da feda, yara suna mana dariya.

Ban karanta wa Inna wasiƙarka duka ba, don kar ranta ya ɓaci. Na dai ce mata ka ce kai ma ba ka manta ba. Ta yi murmushi da gefen bakinta mai motsi, ta ce, "Ai ba zai manta ba."

Idan na yi maka rashin kunya a nan, ka yafe. Amma abin da ke raina ke nan.

Sibdu


Kusa da Duekue
16 ga Satumba, 2002

'Yata Sibdu,

Muna lafiya, sai ƙaramin cikin yaran da ya yi zazzaɓi, ya warke. Na gode wa Allah da Yaya ta fara takawa.

Faɗanki ya iso, kuma na cancanci shi. Ba kuɗi nake nufi ba. Tunda kin girma har kina yi wa kawunki tsawa a takarda, to kin isa jin abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, har Mamunata.

Wata ranar Alhamis mahaifinki Tasere ya kawo mini mobilet ɗinsa shago, ya ce birkin baya ya yi sanyi. Sabuwar wayar birki ta ƙare mini, ga aiki jibge a gabana. Sai na ɗaure masa tsohuwar, na ce ya lallaɓa ya dawo Litinin. Ranar Asabar babbar mota ta take shi a gangaren gadar Baskuy. Da aka kawo mobilet ɗin gida a amalanke, mutane suna wajen gawa, ni na je na duba. Wayar a tsinke take. Na cire ta na sa a aljihu. Kwana arba'in ina zaune a tabarmar makoki kusa da yayata, kowa yana cewa kwana ne ya ƙare, ni na san hannun da ya taimaka wa kwanan. Daga nan na rufe shago na taho nan. Tun ranar ban sake taɓa sufana ba, ban sake hawa babur ba. Na ɗauka ba wanda ya sani. Da na karanta saƙon Yaya sai na gane ta sani, shekara goma sha huɗu tana riƙe da shi. Ga shi kuma kina ce mini in zaɓa wa 'yar Tasere babur da za ta riƙa bi ta kan gadar nan sau huɗu a rana.

Amma na yi tunani. Shiruna ba zai rage miki cunkoso ba. Ga abin da na sani, ki ɗauka ko ki bari.

Babur na cunkoso ba don gudu ake sayensa ba, don tsayawa ne. Daga Tampuy zuwa Dasasgo za ki sa ƙafa a ƙasa ya fi sau hamsin. Saboda haka ki je wajen saye da zanen da kike zuwa aiki da shi, da takalmin. Ki zauna. Idan tafin ƙafarki biyu ba su kwanta a ƙasa ba, ki sauka, ko kyauta aka ba ki. Ki kashe shi ki tura taku ashirin, domin akwai ranar da zai mutu miki a tsakiyar gada, na baya suna zagi. Ki kwantar da shi ki ɗaga ke kaɗai. Kada ki gwada shi ranar Lahadi a titi fayau, ki gwada da sha biyun rana a inda za ki riƙa bi, da Zalisar nan a baya. Ki bi hanyar makarantarki ki tambayi masu gyara uku ko suna da kayansa. Wanda ya ƙi nuna miki takardu, ki yi masa sallama.

Da ni ne, na Japan zan nema, wani ba na matar nan ba, a sa a rage masa kujera. 'Yan China ban san su ba, ba zan yi musu shaida ba.

Kada ki tsaya a gefen babbar mota ta hannun dama, direba ba ya ganinki. Ki sayi hular kwano ko da duk Wagadugu za ta yi miki dariya. Kuma ranar da mai gyara ya ce miki ki lallaɓa ki dawo Litinin, ki bar masa babur ɗin ki tafi a ƙasa.

Ko ki karanta wa Yaya wannan ko ki ƙona, na bar miki. Ban nemi gafara ba don ban san da wane baki zan nema ba.

Salfo zai tashi jibi.

Kawunki,
Rasmane


Tampuy
24 ga Nuwamba, 2002

Kawu Rasmane,

Ban san ko wannan za ta same ka ba. Wani mai fataucin goro ne zai bi ta Gana, ya ce yana da ɗan'uwa a Duekue. Ina roƙon Allah ya sa kana da rai da lafiya, kai da Iya Mamunata da yara. Mu lafiya muke, in ban da tunaninku.

Tun wasiƙarka ta watan Agusta ba mu sake jin komai ba. Da farko na ce fushi kake yi da ni, na ce to, ya yi ta yi. Sai yaƙin nan ya tashi a Kwaddibuwa, aka rufe iyaka, Salfo ma ba a san inda yake ba, shi da motarsa. Yanzu da ma a ce fushin ne. Inna ba ta rabuwa da rediyo. Duk ranar da aka ce motocin masu dawowa sun iso filin ƙwallo, ina zuwa in bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Na haɗu da wani tsoho daga yankinku, ya ce ana korar mutanenmu daga gonaki, amma bai san sunanka ba. Kawu, maganganun da na yi maka na janye su. Idan su ne na ƙarshe da ka karanta daga gare ni, ban san inda zan sa kaina ba.

Bari in ba ka labarin babur, don in ji kamar hira muke yi.

Na saya, mako ɗaya kafin a koma makaranta. Ɗan China na ɗauka, shuɗi. Na san za ka girgiza kai. Abin da ya raba gardamar shi ne wata Alhamis da na ari mobilet na ɗauki Inna zuwa asibiti. Muna tsakiyar gada aka tsaya cak, mobilet ta mutu. Ka san sai an ɗora ta a kan ƙafarta ta ƙarfe an juya feda take tashi, Inna kuma ba ta iya sauka da kanta. Na tsaya riƙe da kan babur, ita tana riƙe da ni da hannu ɗaya, na baya suna ta hon. Sai da wasu mata biyu masu latas suka ajiye kekunansu, suka sauke ta suka riƙe, na tayar, suka mayar da ita. Da muka dawo gida na ga Inna ta juya fuska bango. A ranar na ce duk abin da zan saya, sai wanda zan tayar da yatsa ɗaya ba tare da an sauke uwata a tsakiyar titi ba.

Kujerarsa a ƙasa take, ƙafafuna suna kwanciya sosai. Wani mai gyara a bakin kasuwar Sankariyare ya ce in kawo shi ya bi duk notunansa ya ɗaure tun yana sabo, na kai. Madubi ɗaya ya riga ya faɗi, kuma idan na bi ta kwalbati yana ƙara kamar kwanukan amarya. Amma minti talatin da biyar nake yi zuwa makaranta, ban taɓa makara ba.

Ranar Alhamis ina ɗaure Inna a jikina da zane, kamar goyo. Ranar farko ta ce, "Yau an rama." Yanzu har tana gaya mini inda zan kutsa.

Idan wannan ta iso hannunka, ko layi ɗaya ne ka aiko. Ka bar gonar idan ta kama. Ɗakin Baba yana nan.

'Yarka,
Sibdu


Kombisiri
10 ga Fabrairu, 2003

Sibdu,

Muna raye, dukanmu. Kwana goma sha biyu ke nan da muka iso Kombisiri, nan kudu da Wagadugu, muna gidan ƙanen Mamunata. Ƙafafuna sun kumbura amma suna saɓewa. Yara lafiya. Ki gaya wa Yaya ta kashe rediyo ta huta.

Wasiƙarki ta mai goro ta same ni kwana biyu kafin mu fito. Mun baro koko a kan shimfiɗa yana shan rana, rabin gonar ko yankawa ba a yi ba. Mun yi kwanaki a daji, muka yi makonni a harabar wata majami'a, daga baya aka samu mota zuwa Gana, muka shigo ta garin Po. Abin da na fita da shi daga shekara goma sha huɗu shi ne buhu ɗaya na tufafi. Ba zan tsawaita ba, waɗanda ba su fito ba sun fi ni abin faɗi.

Na karanta labarin babur ɗinki a hanya ya fi sau goma. Kin yi daidai. Ni da na yi shekara ashirin a sana'ar, tunanin sauke mara lafiya a kan gada bai zo mini ba. Wanda ke ɗauke da kaya shi ya san inda yake masa ciwo. Ki riƙa duba ruwan batir, domin duk daɗin maɓallin nan a kansa yake.

Na fahimci wata wasiƙa da na ba Salfo a watan Satumba ba ta iso ba. Wataƙila hakan ya fi.

Maganar ɗakin mahaifinki, na gode, amma ba zan zo ba. An ba ni aron fili a nan, idan ruwa ya sauka zan sa dankali. Akwai abin da ke tsakanina da Yaya wanda ba ki sani ba, kuma ba zan shigo mata gida hannu wofi in ƙara mata da ganin fuskata ba. Ki gaishe ta.

Mai kawo miki wannan yana kai kaya kasuwar Wagadugu duk bayan kwana uku, za ki iya ba shi amsa.

Kawunki,
Rasmane


Tampuy
13 ga Fabrairu, 2003

Kawu,

Alhamdu lillahi. Da na karanta wa Inna layin farko sai ta ce in tsaya, ta sa aka kira Madam Zalisa da duk matan layinmu, sannan ta ce in sake daga farko. Sannunku da hanya. Sannu, Kawu. Ka gaida Iya Mamunata, ka ce mata muna nan tafe da abin da ya samu.

Wasiƙarka ta Satumba ta iso. Salfo ya dawo a watan jiya, ba mota, ya rame kamar ba shi ba, amma jakar wasiƙun mutane tana rataye a wuyansa, yana bi gida gida. Ba mu san inda za mu aika maka amsa ba, shi ya sa ka ji shiru.

Na yi kwana biyu da ita a jakar makaranta ina tunanin ko in ƙona kamar yadda ka ce. A rana ta uku, da na dawo hutun rana, na ba Inna abinci, na zauna na karanta mata duka. Ba ta katse ni ba. Sannan ta yi magana, kuma ka san yadda maganarta take yanzu, sai da na makara komawa aji a karo na farko. Ga abin da ta ce.

Wata huɗu bayan tafiyarka, wata mata mai sayar da gyaɗa a gangaren gada ta nemo gidanmu ta zo gaisuwa. A gabanta abin ya faru. Baba ba tafiya yake yi ba. Ya sauka daga titi, ya kashe mobilet, ƙafafunsa biyu a ƙasa, yana sayen gyaɗa zai kawo mana. Motar ce ta ƙwace wa direba ta bar hanya ta same shi a tsaye. Matar ma ta karye a hannu, shi ya sa ba ta zo da wuri ba. Inna ta ce ko sabon birki goma ka sa masa, ba abin da za su tsare, kuma motar da ta lanƙwasa ƙarfe ba za ta bar waya ba. Ba ta taɓa sanin akwai wata maganar waya ba sai a bakina.

Saƙon da ta ba ni a watan Yuli kuwa, ga abin da take nufi. Lokacin da Baba ba shi da ko keke, kai ka bi bola da shagunan abokanka, ka tara ƙarafa, ka haɗa masa mobilet ɗin nan kyauta. Shekara goma sha biyu tana kai shi aiki. A kanta aka kai Inna asibiti ranar da za ta haife ni. Abin da hannunka ya yi ke nan. Yabo ta aiko maka, ni kuma na rubuta shi a gajarce.

Ita kuma duk shekarun nan ta ɗauka ka tafi ne don kada nauyin gwauruwa da marainiya ya faɗo kanka. Ba ta taɓa faɗa ba, amma abin ya ci ta. Ta ce, "Ashe ba gudunmu ya yi ba." Ta faɗa sau biyu.

Yau da na ce zan rubuto, ta ce in sa maganarta yadda ta faɗe ta, kada in gyara. Ga ta: "Rasmane, kai wawa ne tun kana yaro. Wa ya tambaye ka abin da ke hannunka? Ka zo in gan ka."

Ranar Asabar zan zo Kombisiri da babur. Inna ba za ta iya doguwar tafiya ba, ni kaɗai zan zo. Idan za mu dawo kai za ka tuƙa, in zauna a baya, ka ji muryarsa da kanka ka gaya mini gaskiya.

'Yarka,
Sibdu


Kombisiri
14 ga Fabrairu, 2003

'Yata,

Mun kwana lafiya. Na karanta. Na ba Mamunata labarin duka, ita ma ta ce abin da Yaya ta ce, har ta ƙara.

Wani direba zan ba wannan yau don ta same ki kafin gobe. Ki taso da sassafe kafin rana ta yi zafi. Ki sa a duba iskar tayoyi, ki cika tanki a gari. Hanyar Po akwai manyan motoci, idan kin ji ɗaya a bayanki ki sauka gefe ki bar ta ta wuce, ba wanda ke jiranki da agogo.

Tuƙi kuwa, a'a. Hannuna ya manta, garin kuma ke kika san shi yanzu. Ni zan zauna a baya. Mutanen Kombisiri za su ga tsoho da furfura a bayan 'yar yayarsa su yi dariya, su yi.

Abu ɗaya nake roƙo. Idan mun haye gadar muka zo gangaren, ki tsaya ki sauke ni. Tun ranar ban taɓa tsayawa a wurin ba, ko addu'a ban iya yi wa Tasere a can ba. Ba zan daɗe ba. Daga nan sai ki kai ni wajen yayata.

Kawunki,
Rasmane